Rumfar da Ta Juya wa Gabas Baya

"Ko ƙusa ɗaya ba zan buga maka ba," na ce masa.

Ɗantsoho yana tsaye a tsakiyar ɗan lambunsa, ya ja layi huɗu a ƙasa da bakin sandarsa, tsakanin bishiyar gwaiba da katanga.

"Ustaz, ai ban gama magana ba."

"Ka gama. Ka ce mashaya."

"Ƙarama ce, ta gida."

"Ƙaramin maciji ma maciji ne."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Matarsa Bakhita ta leƙo ta tagar kicin, ta dube mu, ta koma.

Ni sunana Badamasi, mutumin Haɗeja, kafinta. Ban yi boko ba, ban kuma shiga Azhar ba, duk da cewa dominta na taka ƙasar Masar. Abin da na sani na addini da kaina na tsince shi, a tsofaffin littattafan da ake shimfiɗawa a bakin titi. Sunan Ustaz shi Ɗantsoho ya laƙaba mini don tsokana, ya bi ni har yau. Muna gida ɗaya a unguwar Hadayik Ma'adi ta Alƙahira, ni a bene na farko, shi a ƙasa, inda yake da wannan lambu da bai fi shimfiɗar tabarma shida ba.

Shi Bahaushe ne Kirista, daga wani ƙauye a ƙasar Malumfashi. Ya zo Alƙahira yana saurayi, mai hidimar tebur a gidan wani jakada. Jakadu suka yi ta zuwa suna tafiya, shi ya zauna, ya auri Bakhita 'yar kudancin Sudan, Allah bai ba su haihuwa ba. Duk liyafar manya da aka yi a unguwar Muhandisin, shi ake ɗauka ya tsaya bayan kanta da farar kwat yana zuba wa baƙi abin sha. Na faɗa masa tun ranar da na tare a gidan cewa sana'arsa haram ce. Ya ce ya ji, ya kuma aiko mini da tuwon masara da miyar kuka. Bakatsine ne, ni Bahaɗeje, akwai wasa tsakaninmu tun kaka da kakanni, don haka duk abin da na faɗa masa da gaske sai ya mai da shi wasa.

"Saurara, Bahaɗeje," ya ce bayan tarin ya lafa. "Rayuwata duka ina tsaye bayan kantar wasu. Abin shan ba nawa ba, kofin ba nawa ba, baƙin ma ba nawa ba. Ina so in tsaya bayan tawa, in zuba wa wanda na ga dama, in kori wanda na ga dama."

"Da wannan cikin naka? Giya ta cinye maka hanta, kana neman gina mata ɗaki."

"Likita ya ce ƙwayar cuta ce."

"Likita bai zauna da kai ba."

Na haye sama na bar shi da layukansa.

Wannan shekarar ce ta biyo bayan juyin juya hali. Ana yawan ɗauke wuta, aiki ya yi ƙaranci a shagona, saboda haka ina gida da la'asar. Sai na fara jin bugun guduma daga ƙasa. Kafinta yana gane bugu kamar yadda mahauci yake gane nama. Wannan bugun na mai lanƙwasa ƙusa ne. A buga biyu, a yi shiru mai tsawo, a sake buga ɗaya a kan katako ba a kan ƙusa ba. Na rufe taga, bugun ya biyo ni.

Bakhita ce ta tare ni a matattakala, ɗauke da jakar burodi. Hausarta ta shekaru ce, amma Larabci yana leƙowa ta cikinta.

"Ustaz Badamasi, ka san abin da daktor ya ce?"

"Ban sani ba, Mama."

"Ya ce kada mu sayi magani mai yawa. Khalas, shi ke nan."

Ta gyara riƙon jakar, ta wuce. Ba ta roƙe ni komai ba.

Washegari na sauka da akwatin kayan aikina. Na tarar da shi zaune a kan bokiti, ƙafafunsa sun kumbura, ya ɓata katako mai kyau guda uku. Na karɓe gudumar daga hannunsa.

"Rumfa zan gina maka. Rumfa. Abin da ka ɗora a kanta kuwa, tsakaninka da Ubangijinka. Kuma ka sani, ni ba zan zauna a wurin ba."

"Ai dama kai ne farkon wanda zan kora."

"Ɓata katako almubazzaranci ne. Shi ya sauko da ni."

"Na sani, Ustaz. Allah ya saka wa katako da alheri."

Wanda ya ba mu hayar gidan ya hana a haƙa ƙasa a zuba siminti, don haka na dasa ginshiƙai huɗun a cikin manyan gwangwanayen man gyaɗa, na cika su da kankare. Da na zo aza na farko na tambaye shi, "Ina gabas?" Ya nuna da sanda. Na ce, "To baya can." Ya ce, "Baya can." A duk aikin nan wannan ne kaɗai abin da ba mu yi gardama a kansa ba. A ƙasarmu hadari daga gabas yake tasowa, da iskarsa da ruwansa, kuma ko yaro ya san ɗaki da rumfa gabas suke ba baya. Haka ubana ya yi, haka ubansa. Muka rufe baya da gefe biyu da katako, muka bar fuska a buɗe tana kallon yamma.

Sauran kuwa sai da muka yi faɗa a kan kowane taku. Na auna kanta daidai tebur, ya ce a'a, sai ta kai gwiwar hannun mutum a tsaye.

"Don me?"

"Don wanda yake da damuwa ya sami wurin jingina. Mutum ba ya faɗa maka abin da ke ransa sai ya jingina."

Ya sa na gitta bututun ƙarfe a ƙasa na ɗora ƙafa. Ya sa na yi dogayen kujeru, irin waɗanda mai hankali ba zai hau ba. Ya ce in yi masa kanta ta biyu a bango ta jera kwalabe, na ce ta kofuna zan yi, ya ce tamam, in yi tazarar ta isa dogon kofi mai wuya. Rufin muka yi da tabarmin kara da na sayo wajen masu kawowa daga karkara, da ya ɗaga kai ya gan su sai ya ce kamar zanar gidan kakarsa.

Ina aiki, yana zaune yana ba ni labari. Yadda ake kaɗa kalangu ranar kasuwa, yadda uwarsa take aika shi da kunun zaƙi gona, yadda ya fara ganin ƙanƙarar firiji a Kaduna ya ɗauka gishiri ne. Idan jirgin ƙasa na metro ya wuce ta bayan unguwa sai ya dakata har ƙarar ta tafi, ya ɗora daga inda ya tsaya. Idan lokacin salla ya yi, shi yake fara cewa, "Ustaz, an kira, ajiye gudumar." Ni kuwa ban fasa yi masa wa'azi ba ko yini ɗaya. Yakan saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Mu Katsinawa kunya gare mu. Da na musulunta, amma kunyar Fada, limamin cocinmu, nake ji."

Ranar wata Asabar a farkon zafi ya buɗe rumfar. Ya gayyato abokansa na coci daga unguwar Ainu Shams da tsofaffin direbobin ofishin jakadanci, suka zo bayan azahar da kwalabensu a baƙar leda. Ni ina baranda, ban sauka ba, amma ina gani. Ya sa farar kwat ɗinsa, wadda yanzu ta yi masa yawa a kafaɗa ta matse shi a ciki, ya rataya ɗan tawul a hannu, ya tsaya bayan kanta kamar liman a mumbari.

Rana ta karkata ta faɗo musu kai tsaye. Katangar yamma gajeriya ce, babu abin da ya tare ta. Ta bugi baƙin a ƙeya, ta bugi Ɗantsoho a ido, bangaye ukun da na rufe da hannuna suka riƙe zafin kamar tanderu. Mutane suka fara fifita da jarida. Wani ya ja kujerarsa gindin gwaiba, wasu suka shige falo wajen Bakhita, daga nan sai sallama. Kafin la'asar ta yi sanyi babu kowa a gaban kanta. Shi dai bai motsa ba, yana goge kofin da ba wanda ya sha da shi. Sai na ga ya dafa kanta, ya sulale.

Ni da mai gadin gidan, Am Ragab, muka kinkime shi zuwa tasi. Da na dawo daga asibiti na shiga rumfar na tsaya. Rana ta faɗi amma katakon yana huci. Am Ragab ya biyo ni yana karkaɗe jallabiyarsa.

"Ya usta," ya ce, yadda suke kiran mai sana'a, "wa ya ce ku tare wa bahari hanya?"

Bahari ita ce iskar da take busowa daga arewa, daga wajen teku. Na san kalmar sarai, ko gidan haya aka ce yana kallon bahari kuɗinsa ya fi. Ya ja ni zagaye da rumfar, ya tsai da ni a lungun arewa, iska mai sanyi tana ta bugun bangon da na kafa mata.

"Saboda ruwan sama muka yi," na ce. "Daga gabas yake zuwa."

Ya ɗaga kai ya dubi sama, ya dube ni. "Wane ruwan?"

Ni da Ɗantsoho mun tsufa a garin da ba a damina, amma da muka tashi gini, ƙauyukanmu muka gina.

Da aka sallamo Ɗantsoho ya ƙi fita lambun. Ya kwanta ya juya wa taga baya. Na shiga duba shi, ya ce, "Ustaz, addu'arka ta ci. Kwashe katakonka." Bai yi dariya ba, ban kuma taɓa jin ya yi magana babu wasa a ciki ba sai ranar.

"Ba a kwashe mini aiki," na ce. "Juya ta za a yi."

"Wa zai juya?"

Tambaya ce mai kyau. Idan na ɓalle ta ƙusa bayan ƙusa, aikin makonni ne, shi kuwa ba shi da su. Sai dai a ɗage ta ɗungurungum, da gwangwanayenta da rufinta, yadda ake ɗaukar jinka a gida. Abokansa tsofaffi ne irinsa. Ƙarti majiya ƙarfi da na sani a unguwar nan su ne ɗaliban Azhar 'yan ƙasarmu, waɗanda muke salla tare a ɗan masallacin bayan kasuwa.

Bayan an idar da Juma'a na tsai da su a ƙofa na kira gayya. Suka dubi babbansu, Ishaq, wanda yake karatun digiri na uku a fiƙihu.

"Ustaz," ya ce a hankali, "idan na fahimta, mashaya kake so mu ɗaga?"

"Rumfar maƙwabcina."

"Wadda aka sha khamru a cikinta ranar Asabar."

"An fara, rana ta kore su."

Wasu suka ƙyalƙyale. Ishaq bai yi ba. Ya jawo aya a kan taimakon juna wajen saɓo, ya kawo ƙaulin malamai, kuma gaskiya ya faɗa, ban musa masa ba. Na ce masa, "Bara, kwanakin da aka rufe banki aka rufe gidan burodi, kuna ɓoye a ɗaki kuna jin harbi, tukunyar wa kuka ci?" Ya sunkuyar da kai. "Ka tambayi ƙaulin malamai kafin ka sa loma? Mutumin nan mutuwa zai yi. Abin da yake so shi ne ya zuba wa baƙo abin sha a gidansa. Ku za ku zama baƙin, zoɓo za a sha. In an tambaye ku ranar lahira ku ce Badamasi ne."

"In na ga kwalba ɗaya, na fita."

"Sai ka same ni a waje."

Suka zo bayan la'asar, su fiye da goma, suka naɗe ƙafar wando. Bakhita ta fito da kujera, muka zaunar da Ɗantsoho a gindin gwaiba. Na zura dogayen katakai biyu ta ƙarƙashin rumfar, na raba mutane kusurwa-kusurwa. Am Ragab ya tsaya a ƙofa ya riƙe baki.

"Ku kama. Bisimillahi. Yalla."

Ta tashi daga ƙasa tana ƙara, rufin yana rangaji. Wani ya taka takalmin wani, aka zagi Zagezagi, aka rama a kan Kanawa. Sai na ji muryar tsohon daga baya, siririya amma da iko.

"Dama, dama. Kai mai gemu, ɗaga naka, ba littafi ba ne. Bahaɗeje, za ka karya mini gwaiba."

Muka juya ta har fuskarta ta kalli arewa, muka sauke. Bangon gefe ya tare rana, na rataya ragowar tabarmar kara ta kare kujeru. Muka tsaya muna haki. Iskar ta shigo ta tsakanin benaye, ta ɗaga gefen tabarmar, ta busar mana da gumi.

"Bakhita," in ji Ɗantsoho, "kawo kwat."

Ba ya iya tsayuwa mai tsawo, sai na yanke ƙafafun doguwar kujera ɗaya kaɗan na sa masa a ciki, yadda daga waje za a ɗauka a tsaye yake. Ya jera kofuna. Ya zuba zoɓo a wani kofin ƙarfe mai murfi, ya sa citta da kanumfari da na'ana'a, ya matsa lemun tsami, ya murɗe ɓawon a bakin kofi. Na nuna kofin ƙarfen.

"An wanke wannan?"

"Sau bakwai, Ustaz. Ɗaya da ƙasa."

Har Ishaq sai da ya yi dariya. Ɗaliban suka hau dogayen kujerun, suka ɗora ƙafa a kan bututu, kafin a jima duk sun jingina. Wani yana ba shi labarin tallafin karatunsa da aka dakatar, wani na mahaifiyarsa da ba ta da lafiya a Gusau. Yana saurare, yana girgiza kofin ƙarfen a gefen kunnensa, yana cewa, "Ma'alish, yi haƙuri ɗana. Sha wannan tukuna."

Ana cikin haka kofin ƙarfen ya goce masa, zoɓo ya zuba a kan farar kwat. Na zagaya na shiga, na tallafi gindin kofin ƙarfen.

"Ustaz ya shiga bayan kanta," in ji wani.

"Ƙusa nake dubawa."

Ɗantsoho ya janye hannunsa daga nawa. "Baƙo ba ya tsayawa nan. Zagaya ka zauna."

"Na ce maka ba zan zauna ba."

"Ka ce. Zagaya."

Na dubi kantar bango, babu komai sai kofuna. Na zagaya na hau kujerar, ƙafata tana lilo kamar ta yaro a kan jaki. Ya kama kofin ƙarfen da hannu biyu, ya cije leɓe, ya zuba mini har baki, ko ɗigo bai faɗi ba. Ya shimfiɗa ɗan tawul, ya ɗora kofin, ya turo mini. Na sha.

"Sukari ya yi yawa," na ce.

"To sauka. Na kore ka."

Ban sauka ba har aka kira magariba.

Ra'ayina a kan giya bai canja ba, kuma ko Asabar ɗaya ban leƙa lambun ba idan abokansa sun zo. Amma Juma'a ta zama tamu. Wata rana zoɓo, wata rana tsamiya, wata rana kunun zaƙi irin na uwarsa, wanda Bakhita take damawa yana gyara mata daga kujera. Kowane mako kwat ɗin tana ƙara yi masa yawa. Daga baya ya daina girgiza kofin ƙarfen, sai dai ya nuna da yatsa Bakhita ta zuba, shi ya turo.

Juma'ar ƙarshe kafin azumi na fita tun da sassafe kai wani gado Muhandisin, na yi salla a can. Da na dawo na shiga ta ƙofar lambu kamar yadda na saba. Bakhita tana zaune a kan doguwar kujera, ta wajen baƙi, inda ban taɓa ganinta ba. Ta ɗora gwiwar hannu a kan kanta.

"Da hantsi ya cika," ta ce. "Ya sha shayi, ya ce in aske masa gemu, yau yana da mutane. Na je ɗebo ruwan zafi." Ta dubi kofunan da ke bango. "'Yan coci sun ɗauke shi. Gobe za a kai shi."

Na faɗi abin da ake faɗa. Na ce mata Allah ya ba ta haƙuri, ta gyaɗa kai.

A kan kanta akwai wani abu dogo lulluɓe da buhu. Na ɗaga gefen buhun. Ƙanƙara ce, babbar sanda guda.

"Jiya ya aika a kawo," in ji Bakhita. "Ya ce firiji ba abin dogaro ba ne da wannan wutar. Ba wanda ya faɗa wa mai kawowa."

Na mai da buhun. Na hau kujerar da ke kusa da tata, muka zauna. Daga can bakin layi na fara jin muryoyin ɗaliban suna tahowa, suna gardama a kan ganin wata. Ruwan ƙanƙarar ya bi tsagin katako har bakin kanta, yana ɗiga a kan bututun ƙarfe, yana sauka cikin ƙasa.